KABAR GIWA: SHUKAR DA BA TA SON SHAGWAƁA

 

A makon jiya wata 'yar'uwa ta aiko mini da takarda daga Gwaram. Ta ce sau uku ke nan tana sayen shukar nan da a ke kira alobera, tana dasawa a tukunya, tana ba ta ruwa safe da yamma ba fashi, amma ko wace ba ta kai wata biyu sai gindin ya yi laushi, ganyen ya zube, wari ya tashi. Har ta fara zaton ko hannunta ne ba shi da albarkar shuka. To, 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau ya ke. Abin da ya same ki ya taɓa samuna.

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai na koma gida Yalwan Damai. Gwaggona tana da wata tsohuwar randa mai fasasshen gindi a jikin katanga kusa da madafi, cike maƙil da wannan shuka. Tun ina 'yar firamare na san randar nan a wurin, ban kuwa taɓa ganin an tsaya ana yi mata hidima ba. Na roƙi Gwaggo ta ɓalle mini 'ya ɗaya. Na samo sabon bokitin roba, na cika shi da baƙar ƙasar fadama da taki, na dasa, na shiga zuba ruwa da asuba da la'asar. Kwana 20 ba su cika ba, na taɓa ta sai ta tsinke daga gindi ta biyo hannuna. Da na kai wa Gwaggo, ta jujjuya ta, ta shinshina, ta ce, "Ke 'yar nan, ai ba tumatir ba ce. Da kin manta da ita, da ta rayu."

Duk abin da zan gaya muku yau yana cikin wannan magana ta Gwaggo. Yawan ruwa shi ne ajalin wannan shuka.

WACE CE ITA?

Kakanninmu sun san ta tun kafin a fara zuba ta a kwalabe ana sayarwa. Suna ce mata kabar giwa, don ganyenta ya yi kama da kaba amma ya fi ta kauri nesa. Wasu kuma su kan ce zabuwa ko zabo, saboda ɗige-ɗigen fari da ke jikin ganyen kamar gashin zabuwa. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a littafi a shekarar 1916, waɗannan sunaye kuwa suna ciki.

Ba ta da kara ko rassa irin na sauran shuke-shuke. Ganyayenta su kan fito ne daga gindi ɗaya, su kewaye juna kamar an jera su a faifai, sababbi a tsakiya, tsofaffi a waje. Ko wane ganye yana da ƙananan ƙayoyi a gefe. In ta manyanta ta kan fid da doguwar sanda mai furanni a kai.

Masana sun ƙidaya fiye da iri 500 na danginta, mafi yawansu a Afirka da ƙasar Larabawa. Biyu ne suka shafe mu. Akwai ta daji, wadda masana ke kira Aloe buettneri, mai fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma. Ita ganyenta ya kan bushe da rani, gindin ya kwanta a ƙasa kamar albasa, sai damina ta faɗi ta sāke tohowa. Sa'an nan akwai ta gida, watau Aloe vera, wadda bakinmu ya mayar alobera. Ita ba ta zubar da ganye rani da damina, furenta kuwa ruwan ɗorawa ne. A shekarar 2015 masu binciken tsirrai na lambun Kew da ke Ingila suka nuna asalinta daga ƙasar Larabawa ya ke, fatake ne suka yaɗa ta duniya. Ita ce a randar Gwaggo, ita ce kuma za mu yi magana a kanta. Larabawa suna kiranta da suna mai tushe ɗaya da kalmarsu ta haƙuri, lalle kuwa sunan ya dace da ita.

ME YA SA BA TA SON RUWA?

Ki yanka ganye ɗaya ki duba. Ciki cike ya ke da wani farin abu mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda fiye da kashi 98 cikin 100 nasa ruwa ne. Watau ko wane ganye tulu ne, shukar tana ɗauke da guzurinta. Bayan ganyen kuma akwai kauri da santsi, don kada rana ta tsotse abin da ke ciki.

Akwai wata hikima kuma. Kusan ko wane ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ya ke shan iska, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita. Gero da dawa da tumatir su kan buɗe nasu da rana, shi ya sa su ke yaushi in an yi fari. Kabar giwa kuwa ta kan rufe nata da rana, sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sa'an nan ta buɗe. Da haka ta ke tattalin ruwanta.

Saiwoyinta ba sa nisa cikin ƙasa, kuma suna bukatar iska kamar yadda mu ke bukata. In ƙasa ta jiƙe ta zauna jagab kwana da kwanaki, sai iska ta kasa shiga, saiwa ta shaƙe ta ruɓe, ruɓar ta hau gindi. Duk wadda ta taɓa hawa duwatsun Birnin Kudu ta ga yadda tsirrai ke zaune lafiya cikin tsagar dutse, inda ruwan sama ke sauka ya wuce nan da nan. Irin wannan zama kabar giwa ke so a gidanki.

TUKUNYA DA ƘASA

Ba sai kin kashe ko kwabo ba. Tsohuwar tukunyar ƙasa, ko randa, ko tulun da ya tsage, duk sun fi bokitin roba, gama tukunyar ƙasa tana tsatsafo, ƙasar cikinta ta kan bushe da wuri. Abin da ya ke wajibi shi ne rami a gindi, wanda babban yatsanki zai shiga. In ba ki da sai roba ko gwangwani, ki ɗumama ƙusa ki huda gindin wuri 5 ko 6. Mai faɗi ta fi mai zurfi, don saiwar gefe ta ke bi. Ki kifa tsingaro ɗaya a bakin ramin don kada ƙasa ta zube, sa'an nan ki ɗora tukunyar bisa duwatsu uku kamar murhu, ruwa ya sami hanyar fita.

Ga yadda za ki haɗa ƙasa. Kwano 2 na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano 1 na ƙasar gona ta jigawa, da rabin kwano na tsohon taki wanda ya riga ya ruɓe ya zama gari. In kina da ɓarɓashin gawayi ki zuba tafi ɗaya. Kada ki sa laka ko baƙar ƙasar fadama, kada kuma ki sa ɗanyen kashin kaji ko na awaki, zai ƙone saiwar. In kina so ki gwada, ki jiƙa ƙasar ki dunƙula a hannu. In kin buɗe hannu ta wargaje, ta yi. In ta tsaya kamar curin fura, ƙara yashi.

YADDA A KE DASAWA

Uwar ta kan fid da 'ya'ya kewaye da gindinta, da su a ke yin iri. Ganye kurum in an yanka an soka a ƙasa ruɓewa ya ke yi, kada ki ɓata lokacinki. Ki nemi 'ya a wurin maƙwabciya, ai ba a rowarta, don uwar ma ta fi jin daɗi in an rage mata cunkoso.

1. Ki zaɓi 'yar da ta kai taƙi ɗaya, watau wajen inci 5 ko 6, mai ganye 4 ko 5.

2. Ki tone gefenta a hankali, ki raba ta da uwar da wuƙa mai tsabta, ki tabbata ta fito da 'yan saiwoyinta.

3. Ki ajiye ta a inuwa kwana 2 ko 3 har bakin yankan ya bushe. Kada ki ji tsoro, ba abin da zai same ta. Wadda aka dasa da ɗanyen ciwo ita ce ke ruɓewa.

4. Ki dasa ta, ƙasa ta rufe saiwa kaɗai. Kada ƙasa ta hau ganye, balle ta shiga tsakiyar shukar. In tana tangaɗi ki tokare ta da 'yan duwatsu.

5. Kada ki ba ta ruwa sai bayan mako ɗaya. Wannan shi ne wurin da ya fi yi wa mata wuya, amma ki daure.

In a ƙasa ki ke so ki dasa, ki tada kunya ko ɗan tudu, ki bar ƙafa 2 tsakanin ko wace da 'yar'uwarta. Ki nisanci bakin rariya da wurin wanke-wanke. Lokacin da ya fi kyau shi ne da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, ko kuwa ƙarshen ɗari. Kada ki dasa a tsakiyar damina.

BAN RUWA

Yatsanki shi ne ma'auni. Ki soka shi cikin ƙasar har gaɓa biyu. In kin ji danshi, ki tafi abinki. In kin ji ƙasa ta bushe ƙayau, sai ki zuba ruwa sosai har ya fito ta ramin gindi, sa'an nan ki ƙyale ta sai ta sāke bushewa. A ƙasa za ki zuba, kewaye da gindi. Kada ki zuba a tsakiyar ganye, don ruwan da ya kwanta a nan shi ke ruɓar da zuciyar shukar. Ruwan wanki da na wanke-wanke ba su da kyau, saboda sabulu da gishiri da maiƙo.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, sau ɗaya a mako ya kan isa. Da ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, sau ɗaya a mako 2 ko 3, kuma da hantsi. Da damina kuwa ki ajiye butarki gaba ɗaya. A ƙasarmu Agusta shi ne watan da ruwa ya fi yawa. Tun kafin ya kama ki jawo tukunyar ƙarƙashin rumfa ko inuwar ɗaki inda haske ke shiga. Ki duba da kyau kada ta zama a ƙarƙashin indararo.

RANA DA INUWA

Tana son haske ƙwarai, amma ranar azahar ta bazara ta kan yi mata yawa in tana cikin tukunya. Wurin da ya fi shi ne gabashin ɗaki ko na katanga, inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta da azahar.

Ganyenta zai gaya miki halin da ta ke ciki. In ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, rana ta yi yawa, ki matsar da ita, za ta koma kore. In ya yi tsawo siriri, ya koɗe, yana kwanciya, duhu ya yi yawa. In ya yi fyaɗe yana naɗewa ciki, ƙishi ta ke ji. In kuwa ya yi rawaya, ya yi taushi daga gindi kamar dafaffen kabewa, to, ruwa ne ya yi yawa, sai ki yi hanzari.

IN TA FARA RUƁEWA

Ki tumɓuke ta, ki kakkaɓe ƙasar. Ki yanke duk saiwar da ta yi baƙi da duk wurin da ya yi laushi, har ki kai ga tsoka mai ƙarfi. Ki barbaɗa toka ko garin gawayi a wurin yankan, ki shanya ta a inuwa kwana 4 ko 5. Sa'an nan ki dasa a sabuwar busasshiyar ƙasa, ki hana ta ruwa kwana 10. In zuciyar ba ta taɓu ba, sau da yawa ta kan fid da sabuwar saiwa. Da na san haka a lokacin, da watakila na ceci tawa.

Sauran abokan gābarta kaɗan ne. Kaji su kan tone ƙasar, sai ki jera duwatsu a kai. Awaki ba su cika cinta ba saboda ɗaci, amma su kan tattake ta, su kan kuma gatsa da rani in ciyawa ta yanke. Akwai kuma wani ɗan farin ƙwaro mai kama da auduga da ke ɓuya a matsattsin ganye. Ki goge shi da tsumma da ruwan sabulu kaɗan, sa'an nan ki share da ruwa mai kyau. Bayan shekara 2 ko 3, in tukunya ta cika, ki juye, ki raba 'ya'yan, ki sabunta ƙasa.

YADDA A KE ƊIBAN GANYE

Kada ki yi gaggawa. Ki bari ta shekara 2 zuwa 3, ganyen ya yi kauri. Ki riƙa yankan na waje, tsofaffi, daga can gindi, kada ki wuce 2 ko 3 a lokaci ɗaya, kada kuma ki taɓa na tsakiya.

A nan ina so ku kasa kunne sosai. Abu biyu ne a cikin ganyen, kuma ba ɗaya su ke ba. Da kin yanka za ki ga wani ruwa rawaya yana ɗiga daga ƙarƙashin ɓawo, mai ɗaci kamar maɗaci. Wannan shi ne mai haɗari. Ki jingina ganyen a tsaye cikin kofi, yankan yana ƙasa, minti 15, ruwan ya tsiyaye, ki zubar. Sa'an nan ki wanke ganyen, ki yanke ƙayoyin gefe, ki feƙe ɓawon, ki kwashe farin yauƙin da cokali mai tsabta, ki ɗauraye shi. Ba ya daɗewa. In ba firiji, ki yi amfani da shi a ranar, ki zubar da saura.

AMFANINTA DA IYAKARTA

Farin yauƙin yana sanyaya fata. Ana shafa shi a ƙurajen zafi, da cizon sauro, da kaushin hunturu, da 'yar ƙaramar ƙuna wadda fata ta yi ja kurum. Wasu mata su kan shafa a gashi kafin kitso don ya yi laushi. Amma da fari ki gwada kaɗan a hannunki ki jira kwana ɗaya, gama akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa, ya kan sa su ƙaiƙayi.

Game da ƙuna, tun da kullum muna tsakanin murhu da tafasasshen ruwa, yara kuma suna gindinmu, ga abin da ya kamata ko wace mace ta haddace. In wuta ko ruwan zafi ya taɓa yaro, abin farko shi ne ki yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20. Kada ki sa manja, ko ƙwai, ko gishiri, ko toka, ko man goge baki. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta yi bororo, ko fatar ta saɓule, ko ta yi fari ko baƙi, ko kuwa a fuska ne, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, to, kabar giwa ba ta da aiki a nan. Haka kuma in jariri ne, ko da ƙunar ƙarama ce. Ki rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibitin da ya fi kusa, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ba tare da jiran gari ya waye ba.

Ruwan ɗacin nan rawaya kuwa, tun zamanin da a ke shansa don wankin ciki, har tsibirin Sukutura na ƙasar Yaman ya yi suna wajen cinikin busasshensa. Amma yana murɗa ciki, yana sa zawo mai tsanani wanda ke ƙarar da ruwan jiki. A shekarar 2002 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da shi a kantuna a matsayin maganin wankin ciki, don masu yinsa ba su kawo shaidar cewa ba ya cutarwa ba. Saboda haka mace mai ciki kada ta sha ko kaɗan, haka mai shayarwa. Kada a ba yaro. Kada a shafa a nono don yaye, gama cikin yaron zai shiga. Kada a ɗiga a ido. Mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin ciwon sukari ko na zuciya, kada su sha komai na wannan shuka sai da izinin likita. In kuka ji mai talla a kasuwa ko a waya yana cewa tana warkar da cuta 99, ku riƙe kuɗinku.

AIKI GA 'YAN MAKARANTA

'Yan mata, ga aikin hutu. Ku sami ganyen kabar giwa ɗaya da ganyen alayyafo ɗaya, ku ajiye su a inuwa wuri ɗaya, ku riƙa dubawa kullum har mako guda, kuna rubuta abin da kuka gani. Sa'an nan ku dasa 'ya'ya biyu a gwangwani biyu masu huji. Ɗaya ku ba ta ruwa kullum, ɗayar kuwa sai yatsa ya ce ƙasa ta bushe. Ko wace Juma'a ku auna tsawon ganye da rula, ku rubuta a littafi, har mako 6. Gani ya kori ji. Ku nuna wa malamarku, ku kuma aiko mini da sakamakon, zan buga sunan makarantar waɗanda suka fi tsabtar aiki.

Ke kuma 'yar'uwa ta Gwaram, ki sāke gwadawa karo na huɗu. Ki nemi tsohuwar tukunya mai rami, ki cika ta da yashi, ki ajiye a gabashin ɗaki, ki ɓoye buta. Ni ma 'ya ta biyu da Gwaggo ta ba ni haka na yi mata. Yanzu tana cikin wani fasasshen tulu a ƙofar ɗakina, har na raba wa maƙwabta 'ya'yanta, ko wace kuwa sai na ja mata kunne a kan ruwa kafin in miƙa mata.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gai da yara.